Ranar da kogi ya kwashe mana kauɗa

Ko zan manta da komai na zaman aurena, ban da ranar da kogi ya zo mana da tsakar rani. Ɗan da nake goyo a lokacin yanzu ya zama saurayi, amma har yau in na ga tumatir a shanye sai gabana ya faɗi.

A wani ƙauye nake aure kusa da Sara, a ƙasar Gwaram, gidan manoman rani. A shekarar tumatir ya yi albarka har ya zama masifa. Kowa ya noma, kasuwa ta cika, motoci suka daina zuwa. Sai surukina, wanda duk gidan ke kira Baba, ya ce a yanka a busar, a yi kauɗa a ajiye sai ta yi daraja. Da ita za a sayi takin damina, da ita za a ci har kaka. Babu wurin shanya da ya kai yashin kogi, ga faɗi, ga zafi. Muka yi ta yanka har yatsunmu suka tsattsage, muka baza shi ja wur, iyakar ganinka.

Ya fara yanƙwanewa ke nan, bai bushe ba, sai ƙanwar maigidana da ke aure can saman kogin ta bugo waya da hantsi. Ta ce an buɗe madatsar ruwan da ke gaba da su, ruwa ya riga ya wuce garinsu.

Daga nan zama ya gagare ni, ni da dama ba a san ni da haƙuri ba. Kauɗar da ba ta bushe ba, in aka ɗura ta a buhu sai ta yi baƙi ta yi fumfuna, ko kyauta ba mai karɓa. In an bar ta kuma, ga ruwa a hanya. Gaba kura, baya siyaki. Maigidan ya tafi Birnin Kudu tun asuba, don haka na ajiye kunyar surukuta na sami Baba a gindin mangwaro, na durƙusa.

Na ce, "Baba, a ba mu izini mu kwashe."

Ya ce, "Ki kai ina, 'yar nan? Ɗaga kai ki dubi sama. Kin ga girgije?"

"Ai ba daga sama zai zo ba, Baba."

"Yashin nan ƙishirwa yake ji, kafin ruwan ya iso nan ya shanye shi. Ku bar ta ta sha ranar yau, da la'asar a kwashe."

Yanzu da na girma na san ba wauta ya faɗa ba. Kogin da ya sani tun yana yaro mai jiran damina ne. Amma a ranar haushi kamar ya kashe ni. Na ɗora tukunya na manta gishiri. In fita bakin gaɓa in leƙa, in dawo, in sake fita. Uwar mijina ta ce, "Ke kam sai ka ce kaza mai neman wurin ƙwai." Bayan azahar dai na kasa, na ɗauki kwano na sauka, na fara kwasowa ina bazawa a kan tabarmi da rufin rumbu. Sauran matan gidan suka biyo ni a ɗarare, suna waiwayen gindin mangwaro.

Ba mu yi nisa ba ruwan ya iso. Na zaci zan ji ruri, sai na ga wani ɗan siririn ruwa yana rarrafe a kan yashi, yana turo kumfa da karare. Da kyar ya rufe idon sawu. Amma kauɗa ba ta da nauyi, yana taɓa ta sai ta tashi ta bi shi. Gari ya ruɗe, mai kwando, mai zani, mai rariya. Na hango Baba da tsufansa ya tuɓe riga yana tare tumatir da ita, yana zillewa ta gefe. Kogi ya yi ja daga gaɓa zuwa gaɓa. Na tsaya a ciki da kwano a hannu ina kuka kamar yarinya. Abin da muka tsirar bai taka kara ya karya ba.

Washegari yayana ya kira ni. Alkama yake nomawa can ƙasan kogin, nesa da mu, muryarsa cike da murna.

Ya ce, "Ƙanwata, ruwa ya iso! Alkamarmu har ta fara ƙonewa, mun gaji da roƙon a sako mana. Abin mamaki, har da tumatir yake tafe, yara sai tsinta suke yi."

Ina kallon 'yar kauɗar da muka tsirar, ya ce, "Kina ji na?"

Na ce, "Namu ne, Yaya. A ci lafiya."

A ranar na gane kogin da aka datse ba ya jiran damina, hannun mutum ke buɗe shi, kuma wanda ya buɗe ba lallai da mugunta ya yi ba. Ruwan da ya bar mu da hawaye shi wani ya daɗe yana roƙo. Tun daga lokacin, kafin in shanya ko da barkono ne a yashin nan, sai na tambayi na sama da mu, kuma in ruwa ya wuce mu sai na gaya wa na ƙasa.