Kantar Kafaɗar Gwaggo Kande

Matso kusa ka ji, mai karatu. Damanar bana shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Kande, ƙanwar babana, amma har yau in na tuna ta, dariya ke riga hawaye zuwa.

A wani ƙauye gefen Gabi ta yi zamanta, cikin Anna masu bin al'adar kakanni. Matan can ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa suke ɗorawa, itace ne ko ƙwaryar gero. Shi ya sa da wani ƙullutu ya fito mata a kafaɗar dama, mai tauri, ba zafi ba ƙaiƙayi, kowa ya ce kanta ce. Har gori take yi mana: "Ku da ba ku da ita, raggaye ne!"

Wanzami ya tsaga shi, sai ƙullutun ya dawo da ƙannensa. Da ta zo sunan ɗiyata nan Madarunfa, ungozomar unguwarmu ta leƙa ta ce, "Iya, ina kika taɓa ganin kanta ta haihu?" Da kyar muka lallaɓa ta asibiti a Maraɗi. Aka yanki ɗan nama aka aika Yamai. Ashe ciwon daji ne na fata, irin wanda ba a cika gani ba. Lokotoro ya ce ba ya saurin bin jiki, amma yana shimfiɗa saiwa a ƙarƙashi. In ba a kwashe shi da faɗi ba, zai ci tsoka har hannun ya tashi aiki.

Mu muna kuka, ita tambayarta ɗaya: "Zan ƙara ɗaukar kaya?"

Aka yi aikin, aka ɗebo fatar cinyarta aka rufe wurin. Tana farfaɗowa ta ce mini, "Ke ɗiyata, yau cinya ta hau sama ta ga gari!" Ta riƙa zuwa awo, ciwon bai dawo ba. Kaya kuwa ta mayar kafaɗar hagu, ta ɗauka har tsufa ya kwantar da ita.

Yanzu amalanken jaki ke yi wa jikokinta dako. Da tana nan, na san sai ta ce jakin ya fi su zuciya. Amma da ta ji daɗin abu guda: a ƙauyen, mace in ta ga ƙullutu, sai a ce, "Je a duba, ko irin ta Kande ce."

Kai fa, wannan ƙullutun da kake shafawa kana cewa ba komai, yaushe za ka kai shi a duba?