Dona Zuleide da Ɓerayenta

Da tsintsiya Dona Zuleide ta shigo ɗakin bincikenmu na birnin Ribeirão Preto a Brazil, tana budurwa. Daga shara ta koma wankin keji, har ta zama mai ɗora ɓeraye a kan katakon gwaji.

Katakon mai reshe huɗu ne, a ɗage daga ƙasa, biyu da bango, biyu a buɗe. Ɓera mai fargaba yakan laɓe a jikin bango, mai ƙarfin hali kuwa ya fita fili, mu kuma muna aunawa ta kyamara. Idan mai ɗauko ɓeran ya firgita shi, awon ya lalace. Shi ya sa Zuleide ta bar turare, ta koyi tafiya ba motsi.

"Ko mijinki ba ya samun wannan lallashi," in ji Odair, mai haɗa mana magunguna.

"Shi cizo yake yi, su kuwa sun daina," ta ce.

Bayan shekaru masu yawa tana wannan aiki, da atishawa abin ya fara. Sai idanu suka riƙa ja, hannuwa suka kumbura. Likita ya ce jikinta ya daina jure gashin ɓera da fitsarinsa, kuma gaba abin zai yi ta yi. Muka canja mata safar hannu, muka gyara iskar ɗakin, ta haɗa takunkumi biyu. Duk a banza.

Wata safiya tana cikin gwaji numfashinta ya sarƙe. Ta danne tari don kada ɓeran ya razana. Sai da ta mai da shi keji, sannan ta fito ta zube a bakin ƙofa. Ni da Odair muka kai ta asibiti.

Da ta samu sauƙi aka mai da ita hawan ƙasa, wankin kwalabe, aka hana ta hawa sama inda ɓerayen suke. Da rana mukan ci shinkafa da wake tare, amma sai na cire rigar aiki na wanke hannu kafin in zauna kusa da ita.

Rannan na ce, "Dona Zuleide, ki yi ritaya mana ki huta."

"In huta in yi me, 'yata?"

Ta tambaye ni ko sabon ma'aikacin da ya maye gurbinta yana ɗaukar ɓerayen a tafin hannu. Na ce ta wutsiya yake ɗauka, don ya fi sauri. Ta jima tana juya cokali a cikin wakenta, sannan ta rufe kwanon ta koma bakin famfo.