Kujerar da Na Hana Ta

'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a lokacin, tana karanta tarihi. Wata Asabar da hantsi ta baje takardu a teburin kicin na flat ɗinmu a Tottenham, ni ina gyaran alayyafo. Na tambaye ta wane bawan Allah ne ya hana ta cin abinci tun safe.

Ta ce wani firaministan Kanada ne na ƙarni na sha tara. Kamar kullum, ni da Hausa, ita da Turanci. Ta ce lauya ne, ya yi alƙali, ya yi ministan shari'a, kuma kowa ya san shi ke ɗauke da gwamnati a ka. Da shugabansu ya rasu aka tsallake shi aka ba wani, don kawai ya bar cocin iyayensa ya koma Katolika, cocin matarsa. Sai daga baya, da suka ga ba makawa, suka ba shi kujerar. Bai daɗe a kanta ba ya zo nan Ingila ganin sarauniya, ajali ya same shi a fadarta.

Ni kuwa bakina ba ya zama. Na ajiye wuƙa na ce, "Kai, Turawan nan! Su ne masu koya wa duniya adalci? Mutum ya yi muku bauta, ku ce addininsa bai yi ba? Wallahi ba su da kunya!"

Yarinyar nan ta ɗago ta dube ni. Ta ce, da Hausa, a hankali, tana lalubo kalmomin, "Mama, ai haka kika yi wa Anti."

Sai da na nemi kujera.

Antin da take nufi wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kafanchan, 'yar Katolika, tana zaune a unguwar Catford. Tare muka kafa ƙungiyar matan arewa a nan London. Ita ke booking ɗin hall, ita ke cika wa sababbin zuwa takardun council, wato ƙaramar hukuma, ita ke zuwa asibiti duba duk wadda ta haihu. Da mahaifiyata ta rasu a Kano na kasa tafiya, kwana uku ta yi a gidana tana tuƙa tuwon masu gaisuwa, da mayafi a kanta don kada baƙina su ji wani iri.

Da shugabarmu ta koma gida, kowa ya san Anti ce ta dace ta gaje ta. Amma a al'adarmu shugaba ce ke buɗe taro da addu'a, ita ke rufewa. Nan na samu abin kamawa. Ba ma jefa ƙuri'a. Manya ne ke ja gefe su daidaita, su fito da suna ɗaya. Sai na bi manyan nan ɗaya bayan ɗaya a waya, ina tuƙi, ina kai 'yata makaranta. "Hajiya, ni fa ba na ƙin ta, amma wa zai yi mana Fatiha? Me za a ce a gida in aka ga hoto?" Yarinyar tana bayan mota, shekarunta sha uku. Tun da ba ta amsa min da Hausa, na ɗauka ba ta ji. Ashe kowace kalma ta shiga.

Aka naɗa wata matar likita da ko rajistar mambobi ba ta san inda take ba. Anti ta tafa tare da kowa, ta ci gaba da jera kujeru. Gaskiyar da ban taɓa faɗa ba ita ce, ba Fatiha ce ta dame ni ba. Haushi nake ji an fi son ta a kaina.

Washegarin wannan Asabar ɗin na dafa dambun nama na hau bas har Catford wurin Anti. Ta dawo daga coci ke nan, ta rungume ni a bakin ƙofa tana cewa, "Yaya! Yau wace rana?" Na zauna, na sha ruwa, na yi ta kame-kame kan sanyi da ciwon gwiwa. Da ƙyar na ce, "Maganar shugabancin nan, ni ce na..."

Ta ɗaga hannu. "Na sani, Yaya. Tun a makon aka faɗa min."

Na ce to me ya hana ta yi min magana, shekara takwas?

Ta ce, "In ce me? Ke kaɗai na kira na nemi shawara kafin in yarda a sa sunana. Kika ce in tsaya, kina bayana."

Na manta da wannan sam. Wallahi na manta, sai da ta faɗa na tuna har inda nake tsaye da wayar a kunnena.

Ta ce ta yafe tuntuni, ta zuba min miyar yakuwa a roba, ta raka ni har tashar bas. Har yau duk sallah ita ke fara kirana. Ni ce nake kallon wayar tana ƙara, in kasa ɗauka.