Matar da ta hana injin kofuna tashi

Na zo ɗaukar kaya a masana'antar roba aka ce in jira, shi ne idona ya faɗa kanta. Gajeriyar mace ce, za ta kai hamsin, farar rigar aiki ta yi mata yawa har ta naɗe hannun rigar. A bayan hannunta akwai tsohon tabon ƙuna, ina jin narkakkiyar roba ce ta yi mata shi tun tana sabuwar shiga.

Injin da ke tura roba cikin ƙarfen zubi mai fitar da siffar kofi ya yi tsit. Tana tsaye gabansa riƙe da kofi ɗaya, irin wanda ake ba jarirai madara da shi a asibiti. Tana shafa cikinsa da babban yatsa a hankali, tana ɗaga shi wajen fitila.

Manaja sai zarya yake a bayanta. "Injiniya, ga direba na jira. Wa zai ga ɗan kaushin nan? Ni da tabarau ma ban gani ba."

"Ƙwayar cuta za ta gani, ranka ya daɗe. Nan za ta yi gida, ko an wanke sau goma."

"Zan kira wani ya sa hannu."

"Kira shi. Amma ƙarfen nan sai an sake goge shi."

Wataƙila ta taɓa jinyar jariri, ban sani ba. Ta jawo kujera ta zauna a bakin injin, sannan ta dube ni.

"Malam direba, je ka ci abinci. Yau ba kofin da zai fita."