Rabon Kwamared Abdulnasir

Malam Yahuza mahauci ne. Ya biyo 'yarsa Hannatu da ta zo karatu Kuala Lumpur, ya ga ɗalibai na kewar tsire, sai ya kafa tukuba a bayan wani gidan abinci a unguwar Sri Petaling. Ba shi da yawan magana. In an tambaye shi labarin gida, sai ya ce gida na nan.

Da ƙuruciya ya shiga ƙungiyar 'yan gurguzu ta garinsu. Shugabansu, Kwamared Abdulnasir, mutum ne mai zaƙin baki. Ya koya musu cewa ƙasa ta mai nomanta ce, kuma in an zo rabon abinci, shugaba ne na ƙarshe. Jama'a suka haɗe gonakinsu wuri guda. Yahuza ne ya lallashi mahaifinsa, Malam Bello, ya ba da tasa. Da Kwamared ya hau kujerar mulki, takardar gonar ta fito da suna ɗaya: nasa. Tsohon ya rasu yana ƙwadago a ƙasar da ya gada.

Shekara talatin maganar na cin Yahuza.

A 2016 ɗan Kwamared ya kammala digiri a Kuala Lumpur, aka shirya walima a unguwar Bukit Jalil, aka nemi mai gashi.

Hannatu ta ce, "Baba, don Allah ka ƙi aikin nan."

"Raguna uku ne, 'yar nan. Wa zai raba su daidai?"

Ran walimar, ga Kwamared ya yi ƙiba, bai gane Yahuza ba. Ya ɗaga hannu daga kujerar gaba. "Kai mai nama, fara ta nan!"

Yahuza ya wuce shi da faranti. Ya ba ɗalibai. Ya ba direbobi, da masu gadi, har da matar da ke share zauren. A hankali yake rabon, ba ya sauri. Da ya gama, ya ajiye farantin a gaban Kwamared: ƙasusuwa da ragowar albasa.

"Wane irin wulaƙanci ne wannan?"

"Dokarka ce, Kwamared. Shugaba ne na ƙarshe." Bai ɗaga murya ba, amma kowa a zauren ya ji. "Ni ne ɗan Malam Bello na gonar bakin rafi."

Ɗan Kwamared ya juyo yana kallon mahaifinsa.

"Bismilla," in ji Yahuza. "Babana ma abin da ka bar masa ke nan."

Ya goge wuƙarsa, ya naɗe ta a tsumma, ya tafi neman jirgin ƙasan Sri Petaling.