Rawanin Mahaifina a Bakin Randunan Kusada

Duk tsufan nan nawa ban manta da ranar da na ƙi shan ruwa a zauren dagacin Kusada ba. Ku da kuka shigo aikin tsafta yanzu, gara ku ji daga bakina.

A zangon Kumasi aka haife ni, can na koyi aikin duba-gari, wato mai bin gidaje yana leƙa randa da masai da kwata. Mahaifina falken goro ne, mutumin Kusada. Ya rasu ina ƙarami, bai bar mini komai ba sai farin rawani guda. Saura 'yan shekaru Turawa su tafi, na ji ana neman wanda zai je ƙasar Katsina aikin sa kai na wata uku, ya koya wa 'yan elementare tsafta. Na miƙa sunana jiki na rawa, a zatona gida zan je.

Ƙa'idar ita ce ka fara sauka Kankiya wajen babban malamin asibiti, ya ba ka takarda zuwa ga dagaci, dagaci ya haɗa ka da hedimasta. Da malamin asibitin yake miƙo mini takardar ya ce, "Kurkunu ne aikinka. Duk damina yana kwantar da yara, ba gona ba makaranta." Kurkunu, ga waɗanda ba su riske shi ba, tsutsa ce doguwa kamar zare. A ruwan tafki ake shan ta, sai shekara ta zagayo ta ɓullo a ƙafa.

Na isa zauren dagaci da hantsi, aka kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya. Na leƙa na ga na tafki ne. Ni kuwa da ɗanyen kai da ilimin takarda, sai na ce, "Na gode ranka ya daɗe, dafaffe nake sha." Dagaci ya ce, "A mayar."

Makon farko aji ya cika. Na biyu, benci ya fi yara yawa. In na yi sallama a amsa a taƙaice, sunana kuwa ya koma Bagwanje, wato baƙo daga ƙasar goro. Bayan la'asar nakan zauna ƙofar ɗakina ina jin ana hira da irin Hausar mahaifina, amma ba wanda ya taɓa matsa mini a tabarma. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har na daina buɗe akwatin da rawanin yake ciki.

Hedimasta Malam Sule ne ya ji tausayina. Ya ce, "Malam, mi kake tsammani? Nan hwa in ka ƙi ruwan mai gida, shi ka ƙi. Sun ce ba su ba mai ƙyamarsu ɗiyansu. Ran Juma'a dagaci zai aika Kankiya a ɗauke ka."

Washegari na ɗauko rawanin na koma zauren. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙishirwa nake ji." Ya sa aka kawo. Na roƙi ƙwarya ta biyu, na shimfiɗa gefen rawanin a bakinta, na tace ruwan, na shanye tas. Sannan na miƙa masa ƙyallen, ya ga 'yan ƙwarin da ke ɗauke da kurkunu sun maƙale suna motsi.

Ya ce, "Wannan ai rawani ne. Na wa?"

Na faɗi sunan mahaifina da na kakana. Ya tambayi dattawan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tuna da shi. Dagaci ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Gobe yara na zuwa."

Suka zo kuwa, har da na makarantar allo. Gidaje da yawa ba su da ƙyalle mai ƙananan ido irin wannan, don haka na ari almakashin tela na yayyanka rawanin, kowane yaro ya kai wa uwarsa ƙyallen tace ruwa a bakin randa.

Abin da na koya shi ne mutane ba sa karɓar tsafta daga hannun wanda suke jin yana ƙyamarsu, ko da gaskiya ce da shi. Ka fara shan ruwansu tukuna. Wata uku na cika na hau motar Kankiya ban samu ɗan'uwa ko ɗaya ba, a akwatina kuma babu sauran komai na mahaifina. Duka na baro shi a garinsu.