Ruwan da Yaya Ba Ta Sha

Mun tashi da asuba daga Bebeji, ni da ƙanena, za mu dubo yayarmu a wani ƙauye gaba da Tudun Wada, kan hanyar Doguwa. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, likita kuma ya hana ta shan ruwan rijiyarsu, domin zartsi ne.

A Kwanar Dangora muka sauya mota. Kuɗin mota ya hau, ƙosai kuwa ya ƙanƙance, har ƙanena ya ce sai da tabarau ake ganinsa. Daga nan sai lambunan albasa, sai garken shanu da suka tare hanya.

Dab da azahar muka isa. Na tarar da Yaya ta rame, ƙafafunta sun kumbura. Bayan gaisuwa ta sa 'yarta ta kawo mana ruwa a kwanon sha. Ga ƙishin hanya, ga ruwa garau, muka yi bisimilla muka shanye.

Bayan salla 'yar ta kai ni tsakar gida, ta nuna mini akwatin da yayanta ya haɗa wa uwarsu, irin wanda ya gani a garuruwan hamada. Baƙin faranti ne, an rufe shi da gilashi a karkace. Ana zuba zartsi, rana ta dafa shi, tururin ya taru a gilashin ya ɗiga cikin kwalba, gishirin ya zauna a ƙasa. Kwalbar babu komai.

"Kawu, abin da yake tarawa a yini, shi kuka sha," in ji ta. "Kullum haka mahaifiyarmu take yi da 'yan dubiya. Ita kuma ta koma shan ruwan rijiya."

Na koma ɗaki. Na ce, "Yaya, don Allah, maganinki ne fa."

Ta ce, "Kai Malam, mutum ya taso takanas domina, in miƙa masa zartsi? Da wane ido?"

Muka ce za a haɗa akwati na biyu. Ta yi murna, ta ce yanzu baƙi za su ƙoshi.

Bayan magariba muka iso gida. Na koyi cewa in ka je dubiya aka miƙo maka ruwa, ka fara tambayar ko mara lafiya ya sha. Ku sa Yaya a addu'a, Allah Ya ba ta lafiya.